Abin da ya sa ake gwada sinadaran ma'ajiyar jini kafin a yi wa majiyyaci ƙari

Idan jini ya ɓalle wa mai haihuwa a unguwar Madaki aka garzaya da ita Asibitin Ƙwararru ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, dangi kan ƙosa da jiran sakamako, musamman idan an riga an sami wanda rukunin jininsu ya zo ɗaya.

Sai dai dacewar rukuni kaɗai ba ta wadatar ba. Jikin matar da ta taɓa ɗaukar ciki, ko mai cutar sikila da aka sha yi wa ƙari, yana iya samar da garkuwar da za ta farfasa jajayen ƙwayoyin jinin da aka sa masa. Hakan kan jawo zazzaɓi da shawara, wani lokaci har da lalacewar ƙoda.

Irin wannan garkuwa ba ta cika bayyana a gwaji na farko ba. Gwajin da Robin Coombs da abokan aikinsa suka fito da shi a Ingila a 1945 ne ke tona ta, ana kuma ƙara wasu sinadarai domin ta yi saurin kama ƙwayoyin jinin har a ga sun dunƙule.

Daga ciki akwai LISS, ruwa mai ƙarancin gishiri, wanda ke rage zaman kwalbar gwaji a ɗumin digiri 37 daga rabin awa ko fiye zuwa minti 10 ko 15. Akwai PEG, da albumin na jinin shanu, da kuma papain da ake samu daga ƙaron gwanda.

Haɗarin shi ne sinadarin da ya lalace ba lallai ne ya sauya kama ba. Kwalba za ta nuna babu dunƙulewa, a ɗauka jini ya dace, alhali garkuwar tana nan.

Shi ya sa ƙa'idar aiki ta tanadi a gwada sinadarin a duk ranar da za a yi amfani da shi. Ma'aikaci zai duba ranar ƙarewar wa'adinsa da ko ya gurɓace, sannan ya haɗa shi da garkuwa mai rauni da aka riga aka sani, galibi anti-D. Dole ne ƙwayoyin da ke ɗauke da alamar D su dunƙule, waɗanda ba su da ita su zauna a warwatse. Idan aka sami saɓanin haka, za a ajiye kwalbar gefe, a rubuta a littafin aiki, a ɗauko wata.

Yawancin sinadaran na buƙatar firji mai sanyin digiri 2 zuwa 8. A Gombe, inda zafin Maris da Afrilu kan kusanci digiri 40, ɗaukewar wuta ta dare ɗaya na iya raunana su, don haka ake rubuta ma'aunin sanyin firjin kullum.

Waɗannan matakai na cikin abin da dangi ke jira a bakin ɗakin gwaji.