Fis Ɗin Da Ake Ci Da Ɓawonsa

Idan hunturu ya kama, masu kayan gwari sukan ɓare fis su ƙulla a leda, matan gida su saya don soyayyar shinkafa. Amma fis yana da wani ɗan'uwa da ba ya buƙatar ɓara. Daga jikin yabanya ake tsinko shi a kai baki da ɓawonsa, ya ce ƙaras, zaƙi ya cika baki.

Irin da ake shukawa a yau bai daɗe a duniya ba. A ƙarshen shekarun 1960, wani masanin tsirrai mai suna Calvin Lamborn, da ke aiki a wani kamfanin iri a jihar Idaho ta Amurka, ya ci karo da tsiron fis mai kaurin ɓawo fiye da sauran. Ya haɗa shi da fis mai faffaɗan ɓawo wanda Sinawa ke soyawa, ya yi ta zaɓe shekara da shekaru, har aka fito da irin kasuwa a 1979 da sunan Sugar Snap. Sirrinsa a cikin ɓawon yake. Fis ɗin da muka saba da shi yana da wata fata mai tauri kamar takarda a jikin ɓawonsa ta ciki, ita ce ke hana shi taunuwa, wannan kuwa ba shi da ita. Siffar ɓawon ma tana cikin halaye bakwai da Gregor Mendel ya bibiya a lambunsa da ke birnin Brno tsakanin 1856 da 1863, lokacin da ya gano yadda gadon halitta ke tafiya.

Duk mai son shuka shi a gida ya fara da sanin cewa fis ɗan sanyi ne. Ya fi jin daɗi tsakanin digiri 13 zuwa 18, kuma da zafi ya doshi 30 sai fure ya riƙa zubewa ba tare da ya ɗaura ba. Shi ya sa Kenya da Gwatamala, masu fitar da shi zuwa Turai da Amurka, a kan tuddai suke noma shi. Mutanen Jos suna da wannan gata. Mu na Kano da Zariya da Maraɗi kuwa lokacinmu ɗaya ne, lokacin alkama: a shuka a Nuwamba, a fara tsinka a Janairu, a gama kafin zafin Maris. Wanda ya jinkirta har tsakiyar Janairu ya yi asarar irinsa, ko da ya yi ban ruwa safe da yamma.

Ba ya son dashe, don haka a binne ƙwayar kai tsaye a kwami, zurfin gaɓar yatsa, tazarar yatsu uku. Ƙasa ta kasance mai sakin ruwa, an gauraya ta da ruɓaɓɓen takin gida. A nan ne da yawa ke kuskure, sai su watsa yuriya don ganin ganye ya yi kore shar. Fis dangin wake ne, saiwarsa tana da ƙulle-ƙullen da ke jawo masa abinci daga iska, kuma yawan yuriya ganye kawai yake ƙarawa. Tun ranar shuka a kafa kara ko gora a ɗaura igiya, domin asalin irin yakan kai tsayin mutum. Mai ƙaramin fili ya nemi gajeren iri kamar Sugar Ann, wanda ko a bokiti yana yi. Ban ruwa a gindi ake yi, kuma a bar iska ta ratsa tsakanin tsirrai saboda farar cutar da kan bi ganye kamar an barbaɗa toka.

Bayan kwana 60 zuwa 70 ake fara girbi, lokacin da ɓawon ya cika ya yi sheƙi. A riƙe reshe da hannu ɗaya a tsinka da ɗayan, kuma a riƙa zagayawa kowane kwana biyu, don idan aka bar 'ya'yan suka ƙosa a jiki, uwar takan daina fure. A ganina, nan ne lambun gida ya fi kasuwa nesa ba kusa ba. Daga lokacin da aka tsinke fis zaƙinsa yake fara raguwa, sukarin cikinsa yana komawa sitaci. Wanda ya kwana biyu a kan tire ya riga ya rasa rabin daɗinsa, na lambun gida kuwa zaren gefensa kawai za ka ja, ka miƙa wa yaro ya ci a tsaye.