Illar da Take Ɓuya Idan an Neme Ta

Wanda duk ya tsaya gaban mai POS a Tambuwal ko Kebbe a farkon shekarar 2023, zamanin da canjin takardun Naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya, ya ga yadda manomi kan sayar da buhun gero, a tura masa kuɗi, alat ya nuna sun fita daga asusun mai saye, amma shi ya wuni yana duban wayarsa ba su shigo ba. Sabubban wannan suna da yawa, galibi cunkoso ne, sai dai akwai guda wanda ya fi wahalar da ma'abota ilmin kwamfuta, kuma a ganina ya cancanci bayani.

A bayan fage akwai manhaja wadda ba ta barci, ta kasa aikinta ga hadimai masu yawa da ke gudana lokaci guda, kamar yaran attajiri da suka yi tarayya a littafin lissafi ɗaya. Idan biyu suka karanta adadi a daƙiƙa guda, kowa ya rubuta nasa, na baya ya shafe na farko. Idan kuwa wannan ya riƙe alƙalami yana jiran littafi, wancan ya riƙe littafi yana jiran alƙalami, to aiki ya tsaya cik, alhali babu wanda ya saɓa umarni. Abin da ya tsananta al'amarin shi ne, da zarar injiniya ya sassauta gudun manhajar domin ya duba, sai jerin ayyukan ya sauya, illar ta ɓace.

Saboda haka sai injiniyoyi su koma ga tafarkin da malaman hadisi suka sani, wato bin isnadi: kowane hadimi ya rubuta abin da ya karɓa, daga wa, a wane lokaci. Da haka aka ceci Pathfinder, na'urar da Amurka ta saukar a duniyar Mirrihi ranar 4 ga Yuli, 1997, wadda kwamfutarta ta riƙa katsewa tana sake tashi. Injiniyoyi suka kunna takwararta a ƙasa, suna rubuta kowane motsi, har illar ta bayyana, suka tarar ƙaramin hadimi mai auna yanayi ne ya riƙe makullin da babban hadimi ke buƙata, matsakaitan hadimai suka hana shi ƙarasawa, babba yana jira. Daga nan duniya suka aika mata gyara, ta ci gaba da aikinta.