Ƙarar Da Ba A Saba Ji Ba A Injin Sabon Babur

Manomi ya sayar da amfanin gonarsa, ko ɗan kasuwa ya tara ribarsa, ko akawu ya matse albashinsa, ya sayi sabon babur. Kwana kaɗan sai ya ji wata ƙara a inji, gabansa ya faɗi. To, jama'a, ba kowace ƙara ce cuta ba, amma kowace akwai dalilinta. Ga yadda za ka rarrabe su.

Da fari ka kafa babur a kan tsayuwarsa ta tsakiya, a wuri mai lebur, ka kashe shi, ka dakata kaɗan, sa'an nan ka duba baƙin mai. Yawancin ƙananan babura abin da su ke ci bai wuce lita 1 ba, saboda haka ragi kaɗan ma ɓarna ne. Bayan wannan ka bi notuna da sufana, na salansa da na murfin kaca da waɗanda su ke riƙe da inji. Sau da yawa sabon babur girgiza ce ta ke kwance masa noti, mai shi ya zaci inji ne.

In ƙarar ba ta tafi ba, ka tayar da shi. Ka ɗauki doguwar sukudireba, ka ɗora bakinta a jikin inji, ka sa ƙotar a kunnenka. Ka gwada sama, ka gwada ƙasa, ka ji inda ta fi ƙarfi. Amma ka kiyayi salansa da kaca, ka naɗe rigarka.

Ƙara siririya, cak-cak-cak, daga kan inji, ta bawul ce. Ana barin ɗan rata tsakanin bawul da abin da ke danna shi, domin ƙarfe yana buɗewa in ya yi zafi. A ƙananan injuna da yawa ratan bai kai kaurin takardar rubutu ba. Sabon inji in ƙarafansa suka fara zama, ratan kan canja. Makaniki zai daidaita shi, amma sai inji ya huce sarai.

Ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani sa'ad da ka ke hawan tudu, ko ka ɗora buhunan taki, alama ce fetur yana kamawa ba bisa ƙa'ida ba. Abin da ke kawo ta shi ne gurɓataccen fetur, ko zafi, ko jan kaya da babbar giya. Ka sauko ƙaramar giya, ka rage kaya, ka sake wurin shan mai.

Ƙarar da ba ka jin ta sai babur yana tafiya, ka duba kaca. Sabuwar kaca takan saki. Ka taɓa ta a tsakiya: wasanta kada ya wuce misalin santimita 2 zuwa 3.

Ɗan tsit-tsit ɗin nan da a kan ji bayan an kashe inji kuwa, salansa ce ta ke hucewa. Ba kome.

Wadda ta ke abin tsoro ita ce ƙwanƙwasa mai nauyi, ƙwal-ƙwal, daga ƙasan inji, wadda ta ke ƙaruwa in ka murɗa totur. Wannan ƙarfe ne ke cin ƙarfe a inda sandar fistin ta ke juyawa. Ka kashe nan take, kada ka ce bari in ƙarasa kasuwa.

Abu na ƙarshe: muddin babur yana cikin wa'adin garanti, kada ka yarda kowa ya kwance injin. Ka mai da shi inda ka saya, da rasit ɗinka, gama in an buɗe a wani wuri suna iya ƙin karɓa. Kuma ka juye baƙin mai na fari a lokacin da littafin babur ya faɗa, galibi tsakanin kilomita 500 da 1,000, don ya fita da ɓarɓashin ƙarfe. Kafin nan ban da gudu, ban da lodi. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Allah ya tsare mana dukiyarmu, amin.