'Yan Sa-kai Masu Tsaron Hanyoyin Mota

Duk wanda ke bin hanyar mota a Nijeriya ya san ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗurra. A cikin shekarar 1988 aka kafa ta, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, kuma Wole Soyinka ne shugabanta na fari. Amma ba kowa ya san ma'aikatan nan iri biyu ne ba. Akwai masu albashi, akwai kuma 'yan sa-kai, waɗanda ba a biyansu ko anini. Su waɗannan mutanen gari ne, kowa da sana'arsa. In sun sami sarari sai su sa rigar aiki su fita bakin titi, su raba cunkoson motoci, su tsawata wa direba mai gudun ganganci, su shiga tasha su yi gargaɗi.

Dalili kuwa shi ne, hanyoyi sun yi wa ma'aikatan gwamnati yawa, hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.

To, 'yan'uwa, mu ma muna da namu rabon. Wanda ya tarar da haɗari kada ya tsaya kallo, ya buga lamba 122, kyauta ce, gama jinkiri kaɗan kan jawo asarar rai. Allah ya kiyashe mu, amin.