Ɗaurewar Tsoka A Jikin Doki

Mai doki, ka lura. Akwai ciwon da kan kama dokin hawan Salla, da na sukuwa, da na ƙwallon doki. Yawanci yakan sami dokin da ya kwana biyu a turke yana cin dawa ko gero sosai, sai kwatsam a ɗaura masa sirdi a sa shi gudu. A Ingila ana ce masa ciwon safiyar Litinin, domin yakan kama dawakin jan kaya da suka huta ran Lahadi ba a rage musu hatsi ba.

Alamomi

Ba da daɗewa da fara aiki ba, za ka ga dokin ya gajarta taku, ƙafafun baya sun sage, yana ta gumi da haki. In ka taɓa kuturinsa za ka ji ya yi tauri kamar katako. Fitsarinsa kan koma ja ko baƙi kamar ruwan shayi. Wannan alama ce tsokar ta lalace, kuma abin da ke fita daga cikinta yana iya ɓata ƙoda har dokin ya mutu.

Abin da za ka yi

1. Sauka nan take, ka kwance sirdi. Kada ka sa masa bulala, ba gardama yake yi ba. Kowane taku ƙara ɓarna yake.
2. Yi masa inuwa a inda yake, ka ba shi ruwa.
3. Tsai da hatsi, ka bar shi da ciyawa.
4. Aika a kira likitan dabbobi. Kada ka yi masa allurar kashe zafi da kanka, domin in jikinsa ba ruwa tana iya cutar da ƙoda.

Rigakafi

Ranar da doki bai yi aiki ba, rage hatsinsa da rabi. A riƙa kai shi kilisa kullum, musamman makonnin da ke gaban Salla. Kafin sukuwa, ya yi tafiyar minti 10 zuwa 15 a hankali. Ba shi gishiri cokali 2 na cin abinci kowace rana. Doki kan sha ruwa lita 25 zuwa 50 a yini, da bazara ma ya fi haka.

Don ƙarin bayani, tuntuɓi malamin dabbobi na yankinku.