Zawon yaro da yawan masu ba da shawara

Jama'a, a garuruwanmu idan yaro ya kamu da zawo, kafin hantsi gida ya cika da masu sanin magani. Kaka ta ce haƙora yake fitarwa, a ƙyale shi. Maƙwabciya ta ce a daina ba shi ruwa, wai ruwan ke ƙara zawon. Wata ta leƙo ta kan darni ta ce nonon uwar ne ya ɓaci, a yaye shi. Wani kuma ya ce a kira wanzami ya cire masa beli. A cikinsu duka, babu wanda aka tambaya.

Ba mugunta ce ta kawo su ba, tausayi ne. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su za su koma gidajensu, uwa ita za ta kwana da yaron. Idan kuwa haihuwar fari ce, abin ya fi tsanani, domin kunya ba ta barinta ta yi musu da uwar mijinta. Yau a gwada jiƙon wannan, gobe a sayo ƙwayar mai talla da wancan ya yaba. Haka kwana uku za su wuce.

Kwana uku kuwa suna da yawa ga jariri. Abin da ke kashe yaro mai zawo shi ne ƙarewar ruwan jiki. Idanu su faɗa, maɗiga ta lotsa, fitsari ya ragu. Saboda haka shawarar hana shi ruwa da ta yaye shi su ne mafi haɗari. Cire beli ba ya tsai da zawo, sai dai ya jawo zubar jini.

Ga abin da ma'aikatan lafiya ke koyarwa. A ci gaba da ba yaro nono, har fiye da yadda aka saba. A zuba ƙunshi ɗaya na garin SRO cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan da cokali. Abin da ya rage bayan awa 24 a zubar, a haɗa sabo. Tun shekarar 2004, Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ce a haɗa da ƙwayar zinc, kullum har kwana 10 zuwa 14.

To, yaya za a yi da manya? Ba a ce a yi musu rashin kunya ba. Uwa tana iya cewa: "Na ji, Inna, Allah ya saka da alheri. Bari mu je likita mu ji ta bakinsu." A nan maigida ya kamata ya tsaya wa matarsa, don maganarsa ta fi tata shiga kunnen mahaifiyarsa.

Idan aka ga jini a kashin yaro, ko yana amai ba tsayawa, ko ya kasa shan nono, a kai shi likita a ranar, ko da dare ne. Maƙwabcin da ke son taimako sai ya ɗaura amalanke.