Shin harsuna biyu ko uku suna rikita yaro?

Idan a gidanku uwa tana yi wa yaro Fulatanci, uba yana yi masa Hausa, a makaranta kuma Turanci, to wataƙila wani ya taɓa ce muku: "Ku rage masa mana, ai shi ya sa bakinsa ya yi nauyi." Maganar ta daɗe tana yawo, amma bincike bai goyi bayanta ba.

Yawanci ƙirge ne ke tsorata iyaye. A shekarar 1993, Barbara Pearson da abokan aikinta sun wallafa bincike kan yara ƙanana a birnin Miami na Amurka, masu tasowa da Turanci da Sifaniyanci. In ka ƙirga kalmomin da yaro ya sani a harshe ɗaya kaɗai, sai ka ga kamar an bar shi a baya. Amma da aka haɗa na harsunan biyu, sai ga shi sun kamo tsaransu masu harshe ɗaya. Yaron da ya san "kosam" a bakin mahaifiyarsa, ya san "takalmi" a bakin mahaifinsa, ai abu biyu ya sani, ko da kowannensu ɗaya yake ji daga gare shi.

To, gaurayawar fa? Ka ji yaro ya ce "ba ni ndiyam", wato ruwa. Wannan ba ruɗewa ba ce, aro yake yi don cike giɓi. Fred Genesee ya lura da yara 'yan kimanin shekara biyu a Montreal ta ƙasar Kanada, ya ga sun fi amfani da harshen uwa in suna tare da ita, na uba kuma in suna tare da shi. Ban da haka ma, mu manya da muke cusa Turanci a tsakiyar Hausa kullum, wa ya ce mun rikice?

Abin da ya kamata ya dame ku daban ne: harshe ɗaya zai iya sulalewa ba ku ankara ba. Annick De Houwer ta yi nazarin iyalai kusan 1,900 a Beljiyam, ta gano kusan ɗaya cikin kowane yara huɗu ba ya magana da harshen gidansu. Harshen unguwa da na makaranta ba sa buƙatar taimakonku, abokan wasa za su koya masa. Na cikin gida ne ke neman ɗauki. A Kano, Fulatanci ko Kanuri ne ke cikin haɗari. A wasu gidajen Abuja da Legas kuwa, Hausar ce kanta.

Kuma kada ku ɗora wa waya wannan aikin. A 2003, Patricia Kuhl ta sa aka riƙa yi wa jarirai 'yan wata 9 a Amurka Sinanci har zama 12. Waɗanda mutum ya zauna da su ido da ido sun koyi bambance sautukan harshen, masu kallon bidiyo kuwa ba su tsinci komai ba. Hirar kaka da tatsuniyar dare sun fi katun amfani nesa ba kusa ba.

Idan yaro ya cika shekara 2 bai fara haɗa kalma biyu ba a kowane ɗaya daga cikin harsunansa, ko ba ya waiwayowa in an kira shi, ku kai shi asibiti a gwada jinsa. Daina yi masa harshe ɗaya ba zai magance wannan ba.